Aikin Da Ba A Yi Wa Biki

Ya ku 'ya'yana samari da 'yan mata, musamman ku da kuke karatun injiniya ko kuka soma aiki, da ku da kuke shirin ajiye iyali. Ni dattijo ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin madatsun ruwa da magudanan noman rani, har shekaru suka ce a koma gida. Maganata guda ce. Duk abin da ya daɗe yana amfanar jama'a, aikin da ba a yi wa biki ne yake riƙe da shi. Ranar buɗe aiki akwai makaɗa da 'yan jarida da manyan baƙi. Kashegari kowa ya watse, sai a bar mai zagaya bango da mai shafa wa ƙofar ruwa girisi. Wannan shi ne abin da na gani a wurin aiki, na gan shi a cikin gida, yanzu kuma ina ganinsa a zaman ritaya.

Mu mun taso a zamanin gine-gine. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, daga nan da yawanmu muka fito. A 1968 aka kammala madatsar Kainji a kan kogin Neja, mai ƙarfin megawat 760. A Kano, Gwamna Audu Bako ya tsaya tsayin daka a kan maganar ruwa, aka gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are. Sai ga madatsar Bakolori a 1978, Goronyo a 1984, Jebba a 1985, Shiroro a 1990, Challawa a 1992. Kuɗin mai ya shigo, aiki yana jiran mutum tun bai karɓi takardar shaidarsa ba. Idan yau kuka bi ta Kadawa da Kura da rani kuka ga shinkafa da alkama da tumatir kore shar alhali ko'ina ya bushe, ruwan Tiga ne. Shi ne kuma yake gangarowa ta kogin Kano har matatar Tamburawa, wadda take cikin masu shayar da birni. Wanda ya sa hannu a irin wannan aiki yana da abin gode wa Allah.

Ku kuwa kun zo kun tarar da waɗannan abubuwa sun manyanta. Tiga ta kai shekara hamsin, Kainji ta haura haka. Rabonku mafi yawa shi ne gyara da kula, da yashe magudana, da sauya ƙofofin da tsatsa ta ci. Na san matashi yakan so a ce shi ne ya gina sabo, a kafa allo da sunansa. Ina roƙonku kada ku raina wannan rabo. Wanda ya hana tsohuwar madatsa ɓallewa ya ceci rayukan da ba zai taɓa sanin adadinsu ba, domin masifar da aka tare ba ta shiga labaran rediyo.

Bari in nuna muku yadda ake gina madatsar ƙasa, don ku ga inda amana take ɓuya. Ba a tara ƙasa tsibi guda a ce an yi bango. Tifa takan zube, gireda ta baje ta shimfiɗa guda wadda kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, rola ta bi ta danne sau da yawa, sannan a haƙa ɗan rami a auna a ga ko ta daddanu yadda ake so. Sai an tabbatar ake zuba ta gaba. A tsakiyar bangon akwai zuciya ta laka mai hana ruwa wucewa, a bayanta kuma yashi da tsakuwa da aka tace, waɗanda suke barin ɗan ruwan da ya tsiyayo ya fita ba tare da ya kwashi ƙasa ba. Shimfiɗa ɗari bisa ɗari haka ake yi. Idan aka yi ha'inci a guda ɗaya, ta gaba za ta rufe ta, ba mai sake ganinta. Amma ruwa zai gan ta. Lita dubu na ruwa tan guda ne cif, tafkin kuma yana jingine da bangon dare da rana yana laluben inda aka yi sakaci. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Haka kankare yake. Ana ɗibar samfuri a zuba a ƙananan akwatuna, a fasa wasu a kwana bakwai, wasu a kwana ashirin da takwas, don a san ƙarfinsa na gaskiya. Lebura yakan so ya ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin zubawa, amma duk ruwan da ya wuce ƙima ƙarfi yake ragewa. Bayan an zuba kuma sai an riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, ballantana a zafin bazara ko iskar hunturu da ke busar da shi tun bai nuna ba. Mai gini yakan so a sa rodi mai milimita 12 inda zane ya ce 16, mai buga bulo ya ja buhun siminti har ya fitar da abin da yatsa zai iya marmashewa. Duk benen da kuka ji ya rufta da mutane a garuruwanmu, ku bi sawu, galibi za ku tarar da irin waɗannan ƙananan ragin a ƙarƙashinsa.

Saboda haka sa hannunku shi ne jarinku. An kafa hukumar COREN a 1970 don yi wa injiniyoyi rajista, ku nemi rajistar da zarar kun cancanta. Amma hatimi ba ya tsare wanda zuciyarsa ba ta tsare shi ba. Za a kawo muku takardar biyan ɗan kwangila a ce ku sa hannu an gama, alhali ba ku je kun gani ba. Za a turo muku rago da salla, ko ambulan da sunan na goro. Wani lokaci matsin daga sama zai zo, a ce ana sauri saboda ranar buɗewa ta matso. Ku sani kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku ƙi cikin ladabi, ku rubuta dalilinku a takarda, ku ajiye kwafi. Ana iya ɗauke ku daga aikin a kai ku wani lungu, na ga an yi wa mutanen kirki haka. Na kuma ga yadda suka tsufa suna barci da daddare, 'ya'yansu suna faɗin sunan uba ba tare da sunkuyar da kai ba.

Kada kuma digiri ya sa ku ɗaga wa masu sana'a hanci. Na yi aiki da wani tsohon foman da bai yi boko mai nisa ba, amma idan ya damƙi ƙasa a tafin hannu ya matse, zai gaya maka ko ruwanta ya yi. Idan dunƙulen ya riƙe siffarsa, ya rabe biyu ba tare da ya marmashe ba, bai kuma jiƙa hannu ba, sai ya ce a turo rola. Awon ɗakin gwaji yakan zo ya gaskata shi. Birkila da kafinta da mai walda da direban katafila sun san abin da littafi bai faɗa ba. Ku gaishe su da girmamawa, ku tambaye su, ku tabbatar an biya su haƙƙinsu a kan lokaci. Lissafinku da gwanintarsu idan suka haɗu aiki yakan yi kyau.

Bayan gini sai tsaro, nan ne kuma muka fi rauni a ƙasar nan. Madatsar ƙasa tana buƙatar mai zagaya ta a ƙafa, da littafi a hannu. Zai duba ko gara ta yi suri a jikin bango, ko gafiya ta yi rami, ko bishiya ta tsiro tana cusa saiwa. Zai duba ruwan da ke tsiyaya a gindin bango: idan garau yake kuma yawansa bai sauya ba, da sauƙi. Idan ya soma zuwa da jirwayen laka, ruwa ya fara sassaƙa hanya ta ciki ke nan, ranar ba ta barci ba ce. Zai gwada ƙofofi tun da rani, ya tabbatar mafitar ambaliya ba ta toshe ba. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarna a gidaje da gonaki. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Ruwan sama mai ƙarfi zai zo, ba makawa. Shekara nawa aka yi ana shiri kafin ya zo, wannan ne abin da yake hannun injiniya da masu ba shi kuɗin aiki. Idan kuka ga alama, ku rubuta rahoto. Idan aka yi shiru, ku sake rubutawa, ku bi shi da ƙafa.

Akwai kuma mutanen da ba sa fitowa a cikin zane. A Bakolori manoma sun rasa gonaki, maganar diyya ta dagule, a watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sanda, aka rasa rayuka da dama. A gabas kuma, bayan Tiga da Challawa sun riƙe ruwa, ambaliyar shekara da take cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoman fadama suka ji a jikinsu. Kafin ku ja layi a takarda, ku je ku zauna da mai unguwa da manoma da matan da suke ɗibar ruwa. Ku tambayi wanda yake ƙasa da ku a kan kogi abin da aikinku zai yi masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Yanzu bari in shiga gida. Aikin injiniya aikin daji ne. Ana tura mutum inda babu makarantar kirki, ya bar iyali a gari, ya riƙa zuwa ƙarshen wata. A zamaninmu babu wayar hannu, sai dai saƙo ta hannun direba. A irin wannan zama uwargida ce take kai yaro asibiti da tsakar dare, ita ce mai zuwa makaranta idan an kira iyaye, ita ce mai tarbar dangi da lallaɓa kuɗin cefane su kai ƙarshen wata. Lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, darajar naira ta faɗi, albashi ya koma ba ya kai ko'ina, gidaje da yawa dabarar mata ce ta riƙe su, da ɗinki da adashi da ƙananan sana'o'i. Babu wanda ya ba su lambar yabo. Duk injiniyan da ya tsufa da mutunci, ku duba gidansa, za ku tarar da wadda ta ɗauki rabin nauyin.

Don haka, ɗana, kada ka ɗauka aika kuɗi ya sauke maka haƙƙi. Yau kana da waya, kana iya ganin fuskar yaranka kullum, ka yi amfani da ita. Amma zuwa da kai ya fi aike. Idan ka dawo hutu, ka ajiye fayil, ka zauna a tabarma ka ji karatun allon yaro, ka duba littafin lissafin yarinya, ka san sunayen abokansu. Shekarun da yaro yake ɗokin dawowar ubansa kaɗan ne, idan suka wuce ba a sake sayo su. Ka sanar da matarka abin da kake samu da abin da ake binka da inda takardun fili suke. Ka nemi shawararta kafin ka karɓi canjin wurin aiki, domin ita ma rayuwarta ce ake motsawa. Iyayenka kuma idan suna raye, kada ka ce sai aiki ya lafa za ka je. Aiki ba ya lafawa.

Ke kuma 'yata da kika zaɓi wannan fanni, ina yi miki murna, domin a ajinmu da wuya ka ga mace. Kada ki yarda a mayar da ke mai tsaron ofis kawai, ki fita fili ki ga aiki da idonki, nan ake zama injiniya. Tun kafin aure ki yi magana a fili da wanda zai aure ki game da aikinki da tafiye-tafiyensa, iyaye su sani, a yi yarjejeniya da fahimta. Kai kuma da ka aure ta, sanin da take da shi amana ce a wuyanka, kada ya mutu a hannunka.

Ku yi tanadin matsuguni da wuri. Gidan gwamnati aro ne, motar ofis ma haka. Na ga manyan ma'aikata da takardar ritaya ta riske su ba su da ko ɗaki, suka kwashe iyali zuwa haya da furfura. Ku sayi fili ko da a bayan gari ne, ku aza harsashi, ku riƙa ɗora bulo gwargwadon hali. A aikin gwamnati doka ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Tun 2004 aka koma tsarin fansho na tara gudummawa, gyaran 2014 kuma ya sa ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ba shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Ku riƙa duba asusunku ku tabbatar kuɗin suna shiga, kada ku bari sai ranar tafiya. Ranar ritaya ba ta zuwa ba zato, an rubuta ta tun ranar da aka ɗauke ku.

Abin da ba a cika gaya wa mutum ba shi ne yadda yinin yake tsawo bayan an ajiye aiki. Wayar da take ƙara tun asuba sai ta yi shiru, masu zuwa gaisuwa su ragu. Wanda bai tanadi abin yi ba sai ya koma zaman majalisa daga hantsi zuwa magariba, jiki ya mutu, hawan jini da ciwon suga su samu ƙofa. Wani kuma sai ya juya kan iyali, ya shiga binciken tukunya da lissafin ashana, alhali gidan yana da tsarinsa tun shekaru da dama. Maganin wannan shi ne abin sha'awa da hannu zai riƙa yi, kuma tun kana da ƙarfi ake fara shi, ana saura shekara goma ko fiye.

Ni lambu na zaɓa, kuma ban taɓa jin daɗin ilimina kamar yadda nake ji a cikinsa ba. Ɗan faifan sola yana tuƙa ƙaramin famfo, famfo ya cika tankin da aka ɗora a kan ƙarfe, daga nan ruwa ya gangaro da kansa ta siraran tiyo masu huji, yana ɗiga a gindin kowace shuka. Babu fetur, babu asarar ruwa. Na koyi yi wa mangwaro aure a hannun wani mai renon itatuwa: a yanko reshe daga bishiya mai daɗin 'ya'ya, a haɗa shi da dashen da aka tsirar daga ƙwallo, a ɗaure da leda har su kama juna. Cikin shekara uku ko huɗu sai ya fara 'ya'ya, kuma irin na uwar da aka yanko zai yi. Ina da ma'aunin ruwan sama a tsakar gida, ina rubuta abin da ya sauka. Jikokina sun san cewa milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce, don haka rufin da ya kai murabba'in mita ɗari, idan aka yi ruwan milimita 20, ya zubar da lita 2,000. Da suka gane haka, su da kansu suka ce a sa indararo da tanki.

Abokaina kowa da nasa. Wani ya buɗe ɗan shago a zaure yana gyaran famfo da keken ɗinki da rediyo, yara suna kewaye da shi suna koyo. Wani kiwon zuma ya kama, wani tantabaru. Wani ya koma gaban malami da littafin fiƙihu, yana cike giɓin da aiki ya bar masa. Wani yana tara 'yan sakandare na unguwa da yamma yana koya musu lissafi kyauta. Kwamitin masallaci ko na makarantar unguwa idan za su haƙa rijiyar burtsatse ko su ɗora bene, tsohon injiniya a cikinsu rahama ne, zai hana a cuce su, zai hana a yi ginin da zai rufta wa yara.

Gargaɗi ɗaya a nan: ku raba abin sha'awa da kasuwanci. Na ga waɗanda suka kwashe giratuti kaf suka zuba a kiwon kaji ko motar haya ba tare da sun san kan harkar ba, ko suka miƙa wa masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata uku. Kuɗin tsufa ba su da na biyu. Ku fara da kaɗan, da abin da idan ya salwanta tukunya ba za ta sauka ba, ku koyi sana'ar a hannun masu ita kafin ku faɗaɗa.

To, 'ya'yana, ga abin da nake so ku yi tun wannan mako. Ku nemi wani tsohon injiniya ko tsohon foman a garinku, ku je ku gaishe shi da littafi a hannu, ku tambaye shi inda bututu ya bi da dalilin da ya sa aka yi kwalbati a nan ba a can ba. Da yawa daga zanen ayyukan da muka yi sun ɓace a ofisoshi, abin da ya rage yana cikin kawunan dattawa, kuma kullum raguwa muke yi. Ku duba asusun fanshonku. Ku kira mahaifiyarku. Ku koma gida da wuri ku ci abinci tare da yaranku. Ku shuka bishiya ɗaya, ku ɗauki nauyin ba ta ruwa har ta kama.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare hannuwanku daga haram, Ya sa abin da za ku gina ya zama inuwa ga jama'a. Allah Ya ba ku iyali nagari, Ya kai ku tsufa da lafiya da mutunci, Ya jiƙan magabatanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Amin.